Gwajin jini ya hana yarona masara, shinkafa, wake da gyaɗa: gaskiya ne ko cin kuɗi?

Maman Sadik (Aboabo):
Assalamu alaikum mutanen gida. Don Allah masu sani ku taimake ni, kaina ya kulle. Tun bayan Babbar Salla yarona ɗan shekara 5 yake fama da ƙaiƙayi a bayan gwiwa da lanƙwasar hannu. Da dare sai ya yi ta susa har ya ji wa kansa ciwo, wani sa'in kuma ya ce cikinsa na murɗa masa. Wata ƙawata ta kai ni wurin wasu masu gwaji a cikin gari, suka huda masa yatsa, suka ɗiga jinin a kan wata 'yar takarda, suka ce waje za a aika. Sakamako ya zo min ta WhatsApp, shafi huɗu, kowane abinci da launinsa: ja, ruwan ɗorawa, kore. A layin ja akwai masara, shinkafa, wake, gyaɗa, ƙwai, madara, alkama, har tumatir. A layin kore kuwa su kiwi ne da wasu abubuwan da ban taɓa gani a kasuwar Kejetia ta nan Kumasi ba. Matar ta ce in cire jan duka har wata shida, wai kuma rabin mutanen duniya suna da abincin da jininsu ba ya karɓa, sani ne kawai ba su yi ba. Tun jiya doya da manja nake ba shi, yana kallon yayyensa suna shan koko yana kuka. Tambayata biyu: gwajin nan abin dogaro ne? Kuma da gaske abin ya yi yawa haka a cikin mutane?

Hajiya Mai Waakye:
Wa alaikumus salam. Masara, shinkafa, wake, gyaɗa? 'Yata, ai korar ku aka yi daga Ghana, kunyar faɗa miki suka ji. Ba koko, ba tuwo, ba banku, ba waakye, ba miyar gyaɗa. Tun kafin a haife ki nake kan tukunya, ban taɓa ganin wanda shinkafa da wake suka kwantar ba. Ki ba yaro kokonsa.

Baba Sule Suame:
Cin kuɗi ne. Magana ta ƙare.

Abdul Lab:
Yaya, kafin a yanke hukunci, duba min saman takardar. IgG aka rubuta ko IgE? Harafi ɗaya ne ya raba su, amma a nan duk zancen yake.

Maman Sadik (Aboabo):
IgG ne Malam Abdul. An rubuta shi manya-manya a shafin farko.

Abdul Lab:
To, na yi zaton haka. Jiki yana ƙera garkuwa iri-iri a cikin jini. Wadda ke kawo aleji na gaske, irin wanda mutum zai ci abu, kafin minti talatin leɓe ya kumbura, fata ta yi ruɗu-ruɗu, numfashi ya sarƙe, ita ce IgE. Ita kuwa IgG, jikin kowane mai lafiya yana yin ta a kan abincin da ya saba ci. Kamar littafin mai gadin ƙofa ne: sunan wanda ya fi shige da fice shi ya fi cika littafin, ba sunan ɓarawo ba. Shi ya sa masara da wake suka fito ja, kiwi ya fito kore. Da ɗan Jamus aka gwada, burodi da cuku ne za su yi ja, gero ya yi kore shar. Abin da kike dafawa kullum aka jera miki, aka karɓi kuɗinki.

Kuma ba ni kaɗai ke faɗa ba. Ƙungiyar likitocin aleji ta Turai ta fitar da matsaya tun 2008 cewa wannan gwaji ba ya nuna abincin da ke cutar da mutum. Hukumar NICE ta Ingila, mai fitar wa likitoci ƙa'idojin aiki, a 2011 ta ce kada a yi amfani da shi wajen gano alejin abinci a yara, ta haɗa har da gwajin gashi da na'urar da ake riƙe wa ƙarfe. Likitocin Kanada ma sun faɗi haka a 2012. Hasali ma, yaran da ake yi wa magani har jikinsu ya fara jure abincin da ke damun su, wani reshe na IgG ɗin hauhawa yake yi a jininsu, ba sauka ba.

Sister Zee:
Ku yi haƙuri ni dai ba zan bi ku ba. Na yi irin gwajin nan a Accra. Kafin nan kullum cikina a kumbure kamar mai ciki, ga kasala, ga iska, ko zani ba na iya ɗaurawa da kyau bayan la'asar. Aka ce in bar madara, alkama, ƙwai da wasu. Na bari, na samu lafiya. Likitoci nawa na gani kafin nan, kowa maganin olsa yake rubuta min. Takardar Turawa ba za ta ƙaryata abin da na ji a jikina ba.

Abdul Lab:
Zee, ban ce ba ki samu sauƙi ba. Amma faɗa min, da kika bar alkama me da me suka tafi da ita? Burodi da bota, bofrot, mit-fai, taliyar leda, biskit. Da kika bar madara, shayi mai kauri da sukari cokali uku ya tafi, burkina (haɗin gero da madara) ta tafi. Duk wanda ya bar waɗannan zai ji cikinsa ya saki. Sannan in aka hana mutum abu ashirin, da wuya a rasa ɗaya a ciki da ke damun sa da gaske. Ni zargina a kan madara yake, kuma da kin cire ta ita kaɗai na sati biyu da kin gane haka ba tare da biyan ko sidi ɗaya ba. Kin taɓa mayar da ƙwai kin gani?

Sister Zee:
Ban mayar ba, kuma ba ni da niyya. Wanda ya sha wuya shi ya san daɗin sauƙi.

Jallo Asawase:
Zancen madara ya sa na shigo. Mu da nono aka yaye mu, in sha ɗanyar madara kwano guda ban ji komai ba. Amma maiɗakina, da ba Bafulatana ba ce, in ta sha kofi ɗaya cikinta sai ya yi ta ƙugi har maƙwabta su ji. Abin mamaki fura da nono mai tsami ba ya yi mata komai, wagashi (cukun Fulani) ma tana ci. Wannan shi ne alejin?

Fati KNUST:
A'a Kawu Jallo, wannan daban ne. A cikin madara akwai wani sukari, laktos. Kusan duk jarirai suna da sinadarin da ke narka shi a hanji, amma yawancin mutane in sun girma sai ya ragu. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan duniya haka suke. Fulani da sauran al'ummomin da suka daɗe suna kiwo, da mutanen arewacin Turai, su ne da yawansu suka riƙe shi har tsufa. In nono ya yi tsami ƙwayoyin da suka tsamama shi sun riga sun cinye wani ɓangare na sukarin, wagashi kuma yawancin sukarin yana bin ruwan da aka tace. Shi ya sa Anti take iya ci. Kumburin ciki ne da iska da zawo, ba ya toshe maƙoshi, ba ya kisa. Garkuwar jiki ma ba ruwanta da shi, balle gwajin IgG ya gano shi.

Bashir Bronx:
Ina karanta ku tun ɗazu, kuma maganar Hajiya ta tsaya min a rai. Da girmamawa Hajiya, don ba ki gani ba ba ya nufin babu. 'Yata a nan aka haife ta. Tana da shekara 2 muka je suna gidan wani ɗan'uwa, wata baiwar Allah ta gutsura mata dakuwa. Kafin a gama addu'a idanunta sun rufe don kumburi, ta yi amai, muryarta ta koma kamar ta kyanwa. Motar asibiti ce ta ɗauke mu. Yau duk inda za ta, da allurar adrenalin a jakarta, wata kuma tana ofishin makaranta. Abin da ya fi ci min rai, in na kawo ta gida hutu sai 'yan'uwa su ce iyayi ne, cutar Turawa ce, a ba ta kaɗan-kaɗan za ta saba. Akwai wadda ta ce in kau da kai ta ɗanɗana mata a ɓoye. Irin wannan dariyar ce ke sa a kashe yaro da ƙauna.

Hajiya Mai Waakye:
Subhanallahi. Allah ya raya ta, ɗana. To amma ku masu boko ku amsa min: me ya sa can ne abin yake, mu nan da gyaɗa muke kwana muke tashi? Jikokina tun suna wata bakwai ake dama musu koko da tunkuza.

Baba Sule Suame:
Abincin gwangwani ne da sanyin firji. Yaran yanzu ko ƙasa ba sa taɓawa.

Fati KNUST:
Hajiya, tambayarki masana ma sun yi ta. Wasu likitoci a Landan sun lura yaran Yahudawan Ingila sun ninka na Isra'ila wajen sau goma a alejin gyaɗa, alhali asalinsu ɗaya. Da aka duba sai aka ga a Isra'ila tun jariri bai shekara ba ake ba shi wani abin taunawa na gyaɗa, a Ingila kuwa shawarar lokacin ita ce a hana. Sai suka ɗauki jarirai 640 masu haɗarin kamuwa, aka ba rabi gyaɗa tun suna ƙanana, aka hana rabi har shekara 5. Sakamakon ya fito a 2015: waɗanda aka ba sun fi tsira da kusan kashi 80 cikin 100. Wato kokon da kike dama wa jikokinki da gyaɗa, da Tom Brown, kunun garin soyayyiyar masara da gyaɗa da ake yaye yara da shi a nan, kusan abin da likitocin can suka koma ba da shawara ke nan. Amma a lura, wannan rigakafi ne ga jaririn da bai kamu ba. Wanda ya riga ya kamu kamar 'yar Yaya Bashir, ba shi kaɗan-kaɗan a gida ganganci ne.

Akwai kuma wani bincike na nan gida da nake so kowa ya ji, don ya shafi har gwajin IgE da Yaya Abdul ya ce shi ne na gaske. Masana na cibiyar Noguchi da ke Legon tare da na jami'ar Leiden ta Holan sun gwada 'yan makaranta fiye da 1,000 a yankin Accra, aka buga a 2013. Kashi 17.5 cikin 100 jininsu ya nuna IgE na gyaɗa. Da aka yi gwajin fata, kashi 2 ne kawai suka nuna. Waɗanda aka ce gyaɗa na yi musu wani abu in sun ci, kashi 1.5. Sauran suna cin gyaɗarsu lafiya lau. Da aka bi diddigi sai aka ga abin yana da alaƙa da tsargiya: garkuwar da jiki ya ƙera don tsutsar tana kama wani sukari da ke jikin sinadaran gyaɗa, sai na'ura ta ɗauka aleji ne. To in na gaske ma yana iya ruɗin mutum a ƙasarmu, ina ga na bogi?

Abdul Lab:
Madalla Fati. Shi ya sa mu a ɗakin gwaji ba mu ce wa mutum “kana da aleji”. Lamba muke bayarwa, likita ya haɗa da labarin mara lafiya: me ya ci, bayan minti nawa, me ya fito, ya taɓa maimaituwa? In an rasa tabbas, hukunci na ƙarshe shi ne a ba shi abincin kaɗan-kaɗan a asibiti, likita na tsaye da allura a kusa.

Alhaji Mai Magani Alabar:
Salamu alaikum. Duk wannan dogon turanci ne. Ni ina da na'ura ta zamani, ba huda, ba jini. Ka riƙe ƙarfe a tafin hannu minti ɗaya, kwamfuta ta fito da komai: hanta, ƙoda, sanyi, basir, abincin da jininka ba ya so. Maman Sadik ki kawo yaron, zan duba shi rabin kuɗi, akwai kuma jiƙo na wankin jini. Mai bukata ya same ni ta akwatin sirri.

Danladi Tafo:
Alhaji, ban san taka ba, amma irin na'urar nan an kawo ta bakin masallacinmu wata Juma'a. Na riƙe, ta ce ƙodata ta gaji. Na zaga na dawo na ba da wani suna da wasu shekaru, ta ce ƙodata garau, hanta ce matsalar. Abokina ya naɗe ƙarfen da jiƙaƙƙen hankici, bai ko taɓa ba, ta ba hankicin hawan jini.

Alhaji Mai Magani Alabar:
Wannan ta jabu ce. Tawa daga waje aka kawo.

Admin Garba:
Alhaji, da girmanka, dokar gidan nan ba talla. Na bar saƙon don amsar Danladi ta zauna daidai, amma na gaba zan goge. Kuma jama'a, duk inda za ku ba da jininku, ku nemi ganin lasisin HeFRA, hukumar da ke ba asibitoci da ɗakunan gwaji izini, a bango, mai gwajin kuma ya zama yana da rajista da hukumar ma'aikatan lafiya. Jiƙo ko na kwalba ne ku duba lambar FDA, hukumar abinci da magunguna. Mu koma kan tambayar Maman Sadik.

Danladi Tafo:
Kafin a koma, ni ma ina da tawa. Na taɓa cin kenke da kifin nan da muke kira saman a kasuwa. Ban gama wanke hannu ba fuskata ta yi ja ta ɗau zafi, kai na sarawa, zuciya na bugawa. Na ce shi ke nan, ni da kifi har abada. Sai da safe na ji mutum uku da muka ci tare duk haka suka kwana. Aleji yana kama mutum huɗu rana ɗaya?

Nas Rukayya:
Ba ya yi. Wannan gubar kifi ce. Saman da tuna da danginsu in suka daɗe a zafi bayan an kama su, sinadarin histamin yana taruwa a namansu, kuma suya ko banda ba sa kashe shi. Histamin ɗin shi ne dai wanda jiki ke saki lokacin aleji, shi ya sa alamun suka yi kama. Laifin ajiya ne, ka ci gaba da cin kifinka, ka dai canza wurin saye. Irin wannan ruɗanin yana da yawa. Kontomire, wato ganyen gwaza, da bai dahu ba yana ƙaiƙayin maƙoshi ga kowa, saboda wasu ƙananan tsinke-tsinke da ke cikin ganyen gwaza. Abarba tana cin harshe. Mutum ya ci wake cikinsa ya yi iska. Duk sai a tattara a ce “jinina ba ya so”.

Amma ina bayan Yaya Bashir ɗari bisa ɗari. Na tsaya a kan wani saurayi da ya ci ƙaguwa a miyar kuɓewa, aka kawo shi yana shaƙar numfashi da ƙyar, 'yan'uwansa sun tsaya ba shi Piriton da manja a gida. Piriton na ƙaiƙayi ne. In harshe ko maƙoshi ya kumbura, ko murya ta canza, ko numfashi ya yi wuya, ko mutum ya yi luuu zai faɗi, adrenalin ce magani, a cinya ake yin ta, kuma mintuna ake ƙirgawa. A kira 112 ko a tari mota zuwa asibiti mafi kusa, kada a ce sai an kai Gee, babban asibitin Komfo Anokye, in akwai wani a kan hanya.

Ustaz Hamza:
Allah ya saka wa masu ilmi. Ni abin da zan ƙara kaɗan ne. An kawo wa Manzon Allah (SAW) naman damo bai ci ba, aka tambaye shi ko haramun ne, ya ce a'a, ba a saba da shi a ƙasar mutanensa ba ne, ransa bai so. Aka ci a gabansa bai hana ba. To wanda abinci ke cutarwa ya bari, ba a tilasta masa, ba a yi masa dariya. Wanda kuma ba ya cutarwa, kada a ƙuntata masa a kan zato, balle yaro ƙarami da ba shi da bakin kare kansa.

Sister Zee:
Ustaz ai ni ban haramta wa kowa ba, kaina na hana.

Ustaz Hamza:
Ba da ke nake ba 'yar'uwa, ke babba ce, cikinki naki ne.

Mallam Issah Ticha:
Tambaya ta biyu fa har yanzu ba a amsa ba. Rabin mutane ne ko ba rabi ba? Don ni a ajina yanzu iyaye na zuwa da jerin abin da yaro ba ya ci, abin da ban sani ba shekarun baya.

Fati KNUST:
Ba rabi ba ne Malam. A Amurka, inda abin ya fi ƙamari, an tambayi manya sama da 40,000, aka buga a 2019. Kashi 19 cikin 100 suka ce suna da alejin abinci. Da aka tace alamun da suka bayyana, kashi 10.8 ne labarinsu ya yi kama da aleji na gaske. Yaransu kuma wajen kashi 8. Wannan ma tambaya ce aka yi, ba a ba kowa abincin an gani ba. Inda ake yin gwajin ci a gaban likita adadin yakan sauka ƙasa da haka. Kuma yawancin abin yana taruwa ne a kan abinci ƙalilan: madara, ƙwai, gyaɗa, dangin kashu, kifi, jatan lande da ƙaguwa, alkama, waken soya, riɗi. Yaro guda ya zama yana da alejin masara da shinkafa da tumatir da wake gaba ɗaya, alhali yana cin su tun yaye yana girma, wannan likita zai daɗe yana aiki bai gamu da shi ba.

Sister Zee:
Mutum ɗaya cikin goma kuma ai ba kaɗan ba ne. A motar haya ta tirotiro ɗaya akwai mutum ɗaya ko biyu ke nan. Kun ga ba mu muka ƙirƙira ba.

Abdul Lab:
Na Amurka ne wannan Zee, kada mu ɗora wa Asawase. Amma na yarda ba kaɗan ba ne. Rigimata da masu gwajin ita ce, mai alejin gaske ma ba sa gano shi. Ana iya ba 'yar Bashir takardar IgG gyaɗa ta fito kore, tunda ba ta ci. Ki yi tunanin uwar da ta gaskata wannan.

Bashir Bronx:
Wannan ya tayar min da tsigar jiki wallahi.

Nas Rukayya:
Maman Sadik, mu dawo kan yaronki, don an yi nisa. Ƙaiƙayi a bayan gwiwa da lanƙwasar hannu, fata a bushe, ya fi kama da ciwon fatar nan da ke bin gidajen da ake da asma ko yawan atishawa. Akwai mai irin haka a danginku? Sannan ki duba tsakanin yatsunsa da wuyan hannu da cibiya. In akwai ƙananan ƙuraje, kuma wani a ɗakin yana susa da dare, ƙazuwa ce, gida duka ake yi wa magani. Ciwon cikin kuma, yaushe rabon da ya sha maganin tsutsa? Ki kai shi asibiti da katin inshorarsa a kalli fatar da ido, in da hali a gwada bayan gidansa. Kafin nan ki rage sabulu mai ƙamshi da mai kumfa da yawa, ki daina dirza shi da soso, ki shafe shi da man kaɗanya yana fitowa daga wanka jikinsa da danshi, safe da dare. Ki yanke masa farce.

Abin da ya fi damuna shi ne doya da manja. Yaro mai shekara 5 da aka cire wa wake, gyaɗa, ƙwai da madara lokaci guda har wata shida, daga ina zai samu abin gina jiki? Ramewa zai yi, jini ya ragu. Kuma an sha ganin yaro mai irin wannan fatar da yake cin abu lafiya, aka hana shi tsawon lokaci, ranar da aka mayar masa sai aleji na gaske ya tashi. Hanin ma ba kyauta ba ne.

Maman Sadik (Aboabo):
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Babansa yana da asma tun yana yaro. Yatsunsa ba komai, kuma shi kaɗai ke susa. Maganin tsutsa kam ya kwana biyu. Da safen nan na ba shi koko da ƙosai, ya shanye har yana lashe kofin. Kakarsa ta ce dama ita ba ta yarda da takardar ba, tana jiran mu gaji ne. Sai dai abu ɗaya Anti Rukayya: ƙwai. Ni a ganina duk ranar da ya ci soyayyen ƙwai susar ta fi yawa da dare. Ko idona ne don na ga an sa shi a ja?

Nas Rukayya:
Zai iya zama idonki, zai iya zama gaskiya, don ƙwai yana cikin waɗanda aka fi samu a yara masu wannan fatar. Ya taɓa kumbura baki ko ido, ko amai, ko borin jini jim kaɗan bayan ya ci? In ya taɓa, ki dakatar, kada ki gwada komai a gida sai likita ya gan shi. In bai taɓa ba, ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da ya ci da yadda ya kwana. Ki fara gyaran fatar tukuna, don in kika canza abu biyu tare ba za ki san wanne ya yi aiki ba. In susa ta ƙi, sai a cire ƙwai shi kaɗai sati biyu zuwa huɗu, a mayar, a gani. Ki tafi wa likita da littafin.

Hajiya Mai Waakye:
Ƙwai ɗaya dai da sauƙi. A sa masa wele, wato ganda, a madadinsa.

Sister Zee:
Kun ga dai ƙwan yana cikin jan. Ba zan ce komai ba.

Abdul Lab:
Tumatir ma yana ciki Zee.

Bashir Bronx:
Tunda masu abinci suna nan, bari in yi tambaya, don muna shirin zuwa hutun Disamba. Ban da miyar gyaɗa da dakuwa da ƙuli-ƙuli, ina kuma gyaɗa take ɓuya? Can komai a rubuce yake a jikin leda, gida kuwa sai dai ka tambaya, a ce maka “babu”, alhali da man gyaɗa aka soya.

Hajiya Mai Waakye:
Ka kiyayi man da ake saye a kwalba a kasuwa, na gida da ake matsewa, da shi wasu ke suyar ƙosai da masa. Tom Brown akwai. Wasu suna sa tunkuza a kunu da miyar ganye. Waakye kansa babu, amma ka tambayi man shito (soyayyen yajin nan) da na miya, kuma ka sani cokali ɗaya ke yawo tukunya zuwa tukunya in layi ya yi tsawo. Ka zo da sassafe kafin a ruɗe.

Sani Mai Tsire Aboabo:
Yallaɓai, kada ka bari ta kusanci tsire ko na waye, yajin da ƙuli-ƙuli ake daka shi, kuma tun naman yana ɗanye ake birkiɗa shi a ciki. Kilishi ma haka. Ko balangu ka ce a ba ka ba yaji, a kan waya ɗaya aka gasa, wuƙa ɗaya, katako ɗaya, hannu ɗaya. In tana son nama ka sayi ɗanye a mahauta a gasa mata a gida.